Yadda Ake Gwada Sabon Injin Dara na Kwamfuta

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 1997, a birnin New York na ƙasar Amurka, aka yi wata karawa tsakanin Garry Kasparov, zakaran duniya na darar ces a wancan lokaci, da wata kwamfuta ta kamfanin IBM mai suna Deep Blue. Wasa shida aka yi, kwamfutar ta tashi da maki 3½, Kasparov kuwa yana da 2½. Wannan labari ne sananne. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne abin da ya auku a wasan farko, wanda Kasparov ya ci. A taku na 44, kwamfutar ta ɗauki hasumiyarta ta ajiye a wani gida, masana suka yi ta duba hikimar yin haka, ba su gano ba. Daga baya ne waɗanda suka ƙera ta suka bayyana cewa babu wata hikima a ciki. Kuskure ne kawai a cikin manhajarta, kuma washegari suka gyara shi.

Wato ke nan na'urar da take iya duba yanayin allo har miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, wadda ƙwararru suka yi shekaru suna aiki a kanta, ta shiga fage da ɓoyayyar cuta a jikinta. Idan har haka ta faru da Deep Blue, to ina ga ɗalibin da ya zauna a ɗakinsa ya rubuta nasa injin dara? Ta yaya zai san cewa abin da ya rubuta yana bin dokar wasa? Ta yaya zai tabbatar da cewa ya fi na jiya ƙarfi? Bugu da ƙari, Deep Blue a kan na'ura guda ɗaya tak take aiki, wadda aka ƙera mata sassa 480 na musamman don lissafin dara, ranar da aka kwance na'urar kuwa wasanta ya ƙare. Injin dara na wannan zamani ana son ya yi aiki a kwamfutar ofis da ta makaranta da wayar hannu, ya kuma kasance shi ɗin ne dai a ko'ina. Wannan darasi zai bi hanyoyin da masana suke bi wajen amsa waɗannan tambayoyi.

Mene ne Injin Dara?

Darar ces, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, ana yin ta ne a kan allo mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16: sarki da sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Mai fararen 'ya'ya ne ke fara taku. Wanda ya rutsa sarkin abokin karawarsa, ya hana shi mafita, shi ya ci wasa.

Injin dara ba ƙarfe ba ne. Manhaja ce, wato jerin umarni da aka rubuta wa kwamfuta. Ana ba shi yanayin allo, shi kuma ya faɗi takun da yake ganin ya fi. Aikinsa kashi biyu ne: ya hango abin da zai iya biyo baya, taku bayan taku, sannan ya kimanta wanda ke da rinjaye a ƙarshen kowace hanya da ya bi. Tun a shekarar 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya nuna cewa ba zai yiwu a bi dukkan hanyoyin ba. Ya ƙiyasta cewa a kowane yanayi ɗan wasa yana da zaɓi kusan 30, kuma yawan wasannin da za su iya aukuwa ya kai lamba 1 da sifiri 120 a bayanta. Saboda haka dole inji ya riƙa yanke wasu rassa, ya ƙi bin su. A wajen wannan yankan da kuma kimantawar ne injuna suka sha bamban, kuma duk sabuwar dabarar da aka ƙara tana iya taimako, tana kuma iya ɓarna.

Injin da za a fi kafa misali da shi a nan shi ne Stockfish. Ya fito a shekarar 2008, lokacin da Marco Costalba, ɗan ƙasar Italiya, ya ɗauki wani inji mai suna Glaurung, wanda Tord Romstad ɗan ƙasar Norwe ya rubuta, ya ci gaba da gina shi. Sunan nasa na busasshen kifin nan ne da ake yi a Norwe, wanda Italiyawa ke dafawa, wanda kuma har kasuwannin Nijeriya ake kawowa. An zaɓe shi ne don kyauta ake ba da shi, kuma rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya ga yadda ake gwada shi.

Gwajin Farko: Ƙirga

Kafin a tambayi ko inji gwani ne, sai an tambayi ko ya san doka. Hanyar da ake bi tana da sauƙin ganewa, har ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya fara ta da hannu. A farkon wasa, mai farare yana da taku 20: kowane ɗaya daga dakarunsa takwas yana iya tafiya gida ɗaya ko gida biyu, 16 ke nan, sannan kowane doki yana da wuri biyu da zai iya dira, 4 ke nan. Mai baƙaƙe ma yana da amsa 20 ga kowane ɗaya daga cikinsu. Ashirin sau ashirin, 400. Daga nan lissafin hannu ya ƙare, domin 'ya'yan sun fara buɗe wa juna hanya, suna kuma tare wa juna. Masu rubuta injuna sun daɗe da ƙirga sauran da kwamfuta, injuna masu yawa da mutane daban-daban suka rubuta sun kuma dace a kan waɗannan lambobi:

Taku 1: hanya 20
Taku 2: hanya 400
Taku 3: hanya 8,902
Taku 4: hanya 197,281
Taku 5: hanya 4,865,609
Taku 6: hanya 119,060,324

Ana kiran wannan gwaji perft. Sabon inji zai yi nasa ƙirgan, a kwatanta. Ba a neman kusa da daidai. Idan ya saɓa ko da da ɗaya ne, akwai kuskure a wani wuri.

Alal misali, akwai wata doka da masu koyo suke yawan mantawa. Idan dakare ya yi tsallen gida biyu ya sauka gefen dakaren abokin gaba, wancan yana da damar cinye shi a takun da ke biye, tamkar gida ɗaya ya taka. Wannan ci ba ya yiwuwa kafin taku na biyar, a taku na biyar ɗin ma sau 258 kawai yake aukuwa cikin hanyoyi kusan miliyan biyar. Injin da aka manta sa masa wannan doka zai ci gwaji huɗu na farko ba tangarɗa, a na biyar sai ya ba da 4,865,351. Mutum zai iya yin wasa da irin wannan inji sau da yawa bai lura da komai ba, amma ƙirga ba ta barin sa ya wuce.

Idan an sami saɓani, ba a zama karanta rubutun injin tun daga farko ana laluben kuskure. Ana raba jimlar ne gida 20, gwargwadon takun farko, a kwatanta kowane kaso da na wani amintaccen inji. Kason da ya saɓa shi ake bi, a yi wannan taku, a sake rabawa, a sake kwatantawa, har a iso yanayin da injin ya ƙara taku ko ya rage. Kamar mai bin sawun ɓarawo ne, kowace mararraba sai ya duba inda sawu ya nufa.

Sai dai farkon wasa bai isa ba. Takun nan da sarki da hasumiya suke yi tare don a ɓoye sarki ba ya fara yiwuwa sai a taku na bakwai, ƙarin girman dakare idan ya kai ƙarshen allo kuwa ya fi haka nisa. Don haka ake da wasu yanayin allo na musamman da aka cusa wa duk dokokin nan masu wuya a wuri guda. Mafi shahara shi ne wanda ake kira Kiwipete, wanda lambobinsa suka fara da 48, sai 2,039, sai 97,862.

Rubutu Ɗaya, Gidaje da Yawa

Babbar manhaja ita ce wadda ke fara tashi idan an kunna kwamfuta. Ita ke raba wa sauran manhajoji wurin ajiya da lokacin aiki, ita ce kuma tsakaninsu da madannai da allon kallo da faifan ajiya. Matsayinta kamar na sarkin kasuwa ne, kowa da rumfarsa, amma da izninsa ake zama. Fitattu daga cikinsu su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da Linux wadda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, da kuma Android ta wayoyin hannu, wadda aka gina a kan Linux.

Mai rubuta inji yana rubutu ne da harshen da mutum zai iya karantawa, kamar C ko C++. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin wannan harshe, sai an sami wata manhaja, wadda za a iya kira tafinta, ta mayar da rubutun zuwa harshen na'ura. Kowace babbar manhaja da irin fassarar da take karɓa. A bisa ƙa'ida, rubutu ɗaya ya ishi kowa, tafinta ne kawai za a canza. A aikace kuwa, a nan ne abubuwa suke kwaɓewa.

Ga misali mafi kyau. Kwamfuta tana ajiye kowace lamba ne a matsayin jerin sifiri da ɗaya, kowane gurbi a jerin ana kiransa bit. A ɗauka fitilu ne a jere, kowace ko dai tana kunne ko tana kashe. An yi dace allon dara yana da gida 64, kwamfutocin zamani kuma suna aiki da lamba mai bit 64 a lokaci guda. Saboda haka masu rubuta injuna sukan ba kowane gida fitila ɗaya. Lamba guda sai ta nuna duk inda fararen dakaru suke, wata ta nuna inda dawaki suke, wata ta nuna gidajen da babu kowa. Wannan dabara ce ta sa injuna suke da sauri ƙwarai, domin da umarni ɗaya ana iya tura dakaru takwas gaba a lissafi.

To, a harshen C akwai wani nau'in lamba da ake kira long. A Linux da macOS na kwamfutoci masu bit 64, faɗinsa bit 64 ne. A Windows kuwa, ko da kwamfutar mai bit 64 ce, faɗinsa bit 32 ne. Ɗalibin da ya rubuta injinsa a Linux da wannan nau'in lamba zai ga komai lafiya, ya ci gwajin ƙirga, ya aika wa abokinsa mai Windows. A can fitilu 32 ne kacal, wato layuka huɗu na farko. Sauran rabin allon, inda baƙaƙen 'ya'ya suke tsaye, ko dai ya ɓace ko ya cakuɗe da na ƙasa. Abin takaici, tafinta ba lallai ne ya ƙi fassarawa ba, iyaka ya yi ɗan gargaɗi, wanda mai gaggawa ba zai karanta ba. Maganin abin shi ne a yi amfani da nau'in da ake kira uint64_t, wanda aka shigar cikin ƙa'idar harshen C a shekarar 1999, kuma faɗinsa 64 ne a ko'ina.

Akwai wasu ƙananan bambance-bambance. Windows tana rufe kowane layin rubutu da alama biyu marasa ganuwa, Linux da ɗaya. Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows a bisa al'ada ba ta yi. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya hana inji gano fayil ɗin da yake buƙata.

Har ila yau, injin dara ba shi da fuska. Allon da mai wasa yake gani, da 'ya'yan da yake ja da yatsa, wata manhaja ce daban, kuma su biyun suna magana ne ta gajerun layukan rubutu. Tsarin maganar da ya fi yaɗuwa shi ne UCI, wanda Rudolf Huber da Stefan Meyer-Kahlen suka fitar a shekarar 2000. Manhajar allo ta rubuta isready, inji ya amsa readyok. Ta faɗa masa takun da aka yi, ta ce go, shi kuma bayan ya gama tunani ya rubuta bestmove tare da takunsa. Wannan rabuwa ita ce babban dalilin da ya sa ɗaukar inji daga wata babbar manhaja zuwa wata bai yi wuya ainun ba, domin zane da launi da taga, waɗanda su ne suka fi bambanta, ba ruwan inji da su. Amma ko a nan akwai tarko. Sau da yawa rubutun da manhaja ta fitar ba ya tafiya nan take, ana tara shi ne sai ya yi yawa, kamar motar haya da ba ta tashi sai ta cika. Idan mai rubutu bai umarci a tura amsar nan da nan ba, inji zai gama tunani ya ba da taku, takun ya maƙale a hanya, agogonsa ya ci gaba da tafiya har lokaci ya ƙare masa. Ya faɗi wasa ke nan ba tare da ya yi kuskuren dara ko ɗaya ba.

Ita kanta ƙwaƙwalwar kwamfuta iri-iri ce. Ta waya daban, ta kwamfutar tebur daban, sabuwa kuma ta san umarnin da tsohuwa ba ta sani ba. Akwai umarni guda, POPCNT, wanda ke ƙirga fitilun da ke kunne a bugu ɗaya, akwai kuma rukunin AVX2 da kamfanin Intel ya fara sa wa kayansa a shekarar 2013. Injin da aka fassara da waɗannan ya fi sauri, amma a tsohuwar kwamfuta mutuwa yake yi nan take. Wannan ne ya sa aka daɗe ana fitar da kowane sabon Stockfish kashi-kashi, kowa ya ɗauki wanda ya dace da na'urarsa. Injunan sayarwa kuwa, waɗanda masu su ba sa sakin rubutunsu, ba wanda zai iya sake fassara su. Lokacin da Rybka yake tashe bayan fitowarsa a shekarar 2005, don Windows aka yi shi, masu Linux sai da suka bi ta wata manhaja mai suna Wine, wadda ke sa manhajar Windows ta zaci tana gida.

Sa Hannun Inji

Ƙirga tana tabbatar da doka ne kawai, ba ta taɓa sashen tunani. To, yaya za a san cewa injin da ke Windows tunaninsa ɗaya da na Android? Masu Stockfish suna da umarni mai suna bench. Idan an ba shi, injin zai ɗauki wasu ƙayyadaddun yanayin allo da ke cikinsa, ya yi tunani a kan kowanne zuwa ƙayyadadden zurfi, a ƙarshe ya faɗi jimlar yanayin da ya duba. Wannan jimla ita ce sa hannunsa. Lokacin da aikin zai ɗauka yana bambanta, waya ta fi jinkiri, babbar kwamfuta ta fi sauri, amma jimlar dole ta zama ɗaya har zuwa lambar ƙarshe. Duk gyaran da aka shigar wanda ya shafi tunanin injin, ana rubuta sabon sa hannun tare da shi. Idan wata na'ura ta ba da wata lamba daban, ruwa ba ya tsami banza.

Ana yin wannan gwaji da sashe ɗaya ne kawai na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan sassa da yawa suna tunani tare, suna musayar abin da suka gano, wanda ya riga wani yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci, sakamakon ma sai ya canza, ko da a kan na'ura ɗaya ce.

Wa Ya Fi Ƙarfi?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne aka fi yaudarar kai. Mai inji ya ƙara sabuwar dabara, ya haɗa sabon da tsohon wasa goma, sabon ya ci bakwai. Zuciya za ta ce an ci gaba. Lissafi bai yarda ba tukuna.

Ana auna ƙarfin 'yan dara da ma'aunin Elo, wanda Arpad Elo ya tsara. Shi malamin kimiyyar fiziya ne a Amurka, haifaffen ƙasar Hungari, kuma hukumar dara ta duniya, FIDE, ta karɓi tsarinsa a shekarar 1970. Ma'aunin ba ya duba kyawun wasa, sakamako kawai yake dubawa. Wanda ya fi abokinsa da maki 100 ana sa ran ya sami kashi 64 cikin 100 na makin wasanninsu, wanda ya fi da 200 ya sami kashi 76, wanda ya fi da 400 kuwa kashi 91. Idan ƙarfi ya yi kusa, kowane kashi ɗaya cikin ɗari da ya ɗara rabi daidai yake da maki 7. Mafi girman matsayin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882, na Magnus Carlsen a shekarar 2014.

Bisa wannan ma'auni, cin bakwai cikin goma yana nufin fifikon maki 147, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ɗauka injunan biyu ƙarfinsu ɗaya, kowane wasa kamar jefa kwabo ne. Idan an jefa kwabo sau goma, hanyoyin da sakamako zai iya fitowa 1,024 ne, a cikin 176 daga cikinsu kuwa fuskar da aka zaɓa tana fitowa sau bakwai ko fiye. Wato kusan sau ɗaya cikin shida, injin da bai ƙaru da komai ba zai ci bakwai ko fiye. Cin shida ko fiye kuwa yana aukuwa a hanya 386, kusan kashi 38 cikin 100. Wanda ya dogara da wasa goma zai riƙa karɓar gyaran banza, har da mai cutarwa, yana murna.

Maganin abin yawan wasa ne, sai dai yana da tsada. Idan an ajiye batun canjaras gefe, a wasa 100 sakamako yana iya kaucewa gaskiya da kusan maki 70, sama ko ƙasa. A wasa 10,000 kaucewar tana sauka zuwa maki 7, a wasa 40,000 kuwa maki 3½. Mai karatu zai lura cewa kafin a rage kaucewa da rabi sai an ninka wasa sau huɗu. Yawan canjaras yana ɗan rage ta, amma ƙa'idar tana nan. Ga shi kuma gyaran da ake yi wa ƙaƙƙarfan inji sau da yawa bai wuce maki ɗaya ko biyu ba. Babu idon gwanin da zai iya ganin wannan a cikin wasa.

A shekarar 2013 Gary Linscott ya gina wa Stockfish wani tsari mai suna Fishtest. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suna ba da aron lokacin kwamfutocinsu ta intanet. Duk wanda ke da sabuwar dabara, gwani ne ko sabon shiga, sai ya miƙa ta, a raba wasannin ga waɗannan kwamfutoci. Kowace kwamfuta tana fara duba sa hannun injin, don a tabbatar abin da aka aiko shi ne ya iso, sannan a auna saurinta a daidaita mata agogo, yadda mai jinkiri za ta sami ƙarin lokaci. Ana fara wasannin daga buɗi iri-iri, kowane buɗi a yi shi sau biyu, a yi musayar farare da baƙaƙe, don kada sa'ar buɗi ta faɗa wa ɓangare ɗaya. Gwajin farko na gajeren lokaci ne, daƙiƙa 10 ga kowane inji da ƙarin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowane taku. Wanda ya haye sai ya shiga na biyu, na daƙiƙa 60, domin akwai dabarar da ke amfani a wasan gaggawa amma ta zama nauyi idan an sami lokacin tunani.

Ba a ƙayyade yawan wasa tun farko. Ana amfani da wata hanya da masanin ƙididdiga Abraham Wald ya ƙirƙiro a Jami'ar Columbia lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don duba ingancin kayan yaƙi ba tare da an lalata da yawa wajen gwaji ba. Ana sake lissafi yayin da sakamako ke shigowa, da zarar shaida ta isa, ko ta karɓa ko ta ƙi, sai a tsaya. Mai sayen hatsi ma haka yake yi. Idan ya ɗebi hannu biyu daga buhu ya ga duk ƙwari, ba ya buƙatar na uku, amma buhun da ke tsaka-tsaki sai ya tona har ƙasa. Mugun gyara yana faɗuwa da wuri, wanda amfaninsa kaɗan ne kuwa yana iya cin dubun-dubatar wasanni kafin a yanke masa hukunci. Yawancin dabarun da ake miƙawa faɗuwa suke yi, har da na manyan masu rubuta injin, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta wannan ƙofa ce ma babban canjin shekarar 2020 ya shigo, lokacin da aka sa wa Stockfish 12 sabuwar hanyar kimantawa mai koyo daga misalai, wadda Yu Nasu ya fara tsarawa a shekarar 2018 don darar Japan mai suna shogi.

Sharuɗɗan Karawa

Yawan wasa kaɗai bai wadatar ba, sai an duba a wane hali aka yi su. A watan Disamba na 2017 kamfanin DeepMind ya sanar da cewa injinsa AlphaZero ya kara da Stockfish 8 wasa 100, ya ci 28, aka yi canjaras 72, bai faɗi ko ɗaya ba. Abin ya ba da mamaki, kuma wasannin da aka nuna suna da ban sha'awa. Amma masana, har da Tord Romstad, sun yi ƙorafi a kan sharuɗɗan. An ƙayyade minti ɗaya ga kowane taku, alhali wani ɓangare na ƙarfin Stockfish shi ne sanin inda zai daɗe da inda zai yi sauri. An kuma ba shi wurin ajiya kaɗan idan aka kwatanta da yawan sassan da yake tunani da su, ga shi injunan biyu ba a kan na'ura iri ɗaya suke ba. A watan Disamba na 2018 kamfanin ya buga sabon sakamako a mujallar Science, na wasa 1,000, da agogon awa uku da ƙarin daƙiƙa 15 a kowane taku. AlphaZero ya ci 155, ya faɗi 6, sauran 839 canjaras. Rinjayen ya tabbata, masu ƙorafin kuma ba su yi laifi ba, domin ƙorafin nasu ne irin wanda ya kamata a yi wa kowane sakamakon da aka kawo ba tare da cikakken bayanin yadda aka same shi ba.

Aikin Aji

Malamin lissafi yana iya nuna wa ɗalibansa jigon wannan batu ba tare da kwamfuta ba. A ba kowane ɗalibi kwabo. Inda tsabar kuɗi ta yi wuya, a zuba farin wake da jan wake daidai wa daida a cikin jaka, a riƙa zaro ƙwaya ɗaya ba tare da dubawa ba, ana mayar da ita bayan kowane zari. Fari shi ne cin sabon inji, ja kuwa cin tsoho. Kowane ɗalibi ya yi sau goma, ya rubuta sakamakonsa.

A ajin mutum 40, ana sa ran kimanin 15 za su sami fari shida ko fiye, kimanin 7 daga cikinsu kuma za su sami bakwai ko fiye. A tambayi waɗannan bakwai ɗin abin da za su rubuta a rahotonsu da a ce inji suke gwadawa. Daga nan a tara sakamakon aji duka a kan allo, zari 400 ke nan. Mafi yawan lokuta farin zai faɗa tsakanin 180 da 220. Sannan a canza jakar a ɓoye, a sa fari 52 da ja 48, a bar wa ɗalibai su tattauna zari nawa za su buƙata kafin su iya cewa an taɓa ta.